Aikin kwashe takardun makarantarmu zuwa buɗaɗɗen tsari: inda aka kwana

Alhamis, 11 ga Satumba 2025

Kwamitin makaranta ya amince daren jiya, saboda haka daga yau zan riƙa rubuta yadda aikin nan ke tafiya, ko wata makaranta ko ƙungiya da ke cikin irin halinmu za ta tsinci abin amfani. Makarantarmu a Tudun Wadar Kaduna take, boko da safe Islamiyya da yamma, kwamfutocinmu kuma huɗu ne duka-duka: biyu a ofis, laftof ɗin hedimasta, sai wata tsohuwa mai Windows 7 da ma'aji ya riƙe gam saboda duk lissafin kuɗin makaranta a cikinta yake. Dukkansu Microsoft Office ɗin da ke kai kirak ne, wato ba a sayi lasisinsa ba, masu gyara ne ke ɗora mana duk sanda aka yi fomatin, kuma kowa ya san haka abin yake kusan ko'ina a gari.

Abu biyu ne suka tayar da maganar. Na farko malaminmu na fiƙihu ne ya ce shi fa abin nan yana ci masa rai, da yamma muna karantar da yara haƙƙin mutane da amana, takardar jarrabawar kuma da kayan da ba mu biya ba aka buga ta, wallahi ɗakin tsit ya yi don ba mai amsa. Na biyu ranar 14 ga Oktoba mai zuwa Microsoft za su daina tallafa wa Office 2016 da 2019, rana ɗaya da Windows 10, ba sauran afdet na tsaro kenan, to ko mai na halak ma sai ya sake shawara balle mu.

An kawo shawarwari, wani ya ce a biya Microsoft 365 kawai a huta, ma'aji ya ce wannan biyan shekara-shekara ne ba saye ba, kuma kuɗin makaranta ko albashin malamai da ƙyar yake kaiwa. Wani ya ce WPS tunda kowa na da shi a waya, wani ya ce Google Docs, aka tuna masa data da netwok. Ni abin da na tsaya a kai shi ne mun fara daga tsakiya. Manhajar da kake rubutu da ita daban, tsarin da fayil ɗin ke ajiyuwa a ciki daban, kuma na biyun ne zai daɗe tare da mu. Manhaja ana canja ta gobe, amma rijistar ɗalibai da sakamakon yara da takardun filin makaranta abu ne da za a nema bayan shekara ashirin, lokacin da wataƙila mu ba ma nan. In tsarin fayil ɗin kamfani ɗaya ne kaɗai ya san sirrinsa to kamar ka zuba hatsinka ne a rumbu makullin yana aljihun wani. A kan haka aka ba ni izini in gwada LibreOffice, manhajar ofis ta kyauta, da buɗaɗɗen tsarin fayil mai suna ODF na tsawon zangon karatu ɗaya, in bai yi ba a sake zama.

Alhamis, 18 ga Satumba

Yau tattara kaya aka yi. Na bi kwamfutocin nan da fulashi-fulashin da ke cikin durowar ofis da wani tsohon hadis na kwaso komai wuri ɗaya, sai da na fara wanke fulashin don biyu daga ciki cike suke da wannan bairos ɗin mai mayar da folda shotkot. Mafi tsufan abin da na gani na 2004 ne, wasiƙar neman gudummawar gina ajujuwan baya. Akwai .doc da .xls tuli, akwai .docx da .xlsx na baya-bayan nan, akwai .pub na manhajar Publisher, na satifiket da katin walimar sauka, akwai .cdr na manhajar CorelDraw, na bajo da kalanda da aka yo mana a bizines santa, har da wasu 'yan .wps na tsohuwar manhajar Microsoft Works da aka daina yi tuntuni.

Bari in ɗan yi bayanin waɗannan wutsiyoyin don malamai sun tambaye ni. Shi .doc tsohon tsarin Word ne da aka yi ta amfani da shi har zuwa Office 2003, a dunƙule yake, shekaru da yawa masu wasu manhajojin lalube suke yi su gano yadda aka gina shi, sai a 2008 kamfanin ya saki bayaninsa ga kowa. Shi kuma ODF, wato .odt na rubutu da .ods na lissafi da .odp na nuni, tun farko a fili aka tsara shi ƙarƙashin wata ƙungiya mai suna OASIS, aka fitar da shi a 2005, hukumar tsara ma'auni ta duniya ISO ta karɓe shi a 2006 da lamba 26300, duk wanda ya ga dama ya ɗauki bayanin ya gina manhajarsa ba tare da ya biya kowa ba. Sai .docx da 'yan uwansa da suka zo da Office 2007.

Wani abu da na nuna wa ɗan hidimar ƙasan da ke taya ni, ya kuma ji daɗinsa sosai: ka kwafi fayil ɗin .odt ka canja wutsiyarsa zuwa .zip ka buɗe, za ka tarar da wani content.xml a ciki, ka buɗe shi da Notepad za ka ga rubutunka ɓaro-ɓaro a tsakanin alamomi. Ma'ana ko duk manhajojin ofis sun ɓace daga duniya ana iya ciro kalmomin. Kuma don a yi adalci, .docx ma haka yake, shi ma ZIP ne da XML a ciki. Amma gwada haka da .doc ko .pub ko .cdr ka gani.

Asabar, 27 ga Satumba

An ɗora LibreOffice. Sau ɗaya na sauke shi da daddare lokacin garaɓasar data, na zuba a fulashi na bi sauran da shi, ba ya neman rijista ko imel ko intanet kafin ya yi aiki. Na ofis biyu da laftof sun samu 25.8 wanda ya fito a watan Agusta, lambar tasu yanzu shekara da wata ce, tun 24.2 suka koma haka. Ta ma'aji kuwa 25.8 ya bar Windows 7 a baya, sai na sa mata 25.2.

Hedimasta ya tambaya wai su waye ke yin abin nan kyauta, kuma me suke ci a ciki. Tambaya ce mai kyau. Asalinsa StarOffice ne na wani kamfanin Jamus, Sun Microsystems suka saya a 1999 suka saki lambobinsa ga jama'a da sunan OpenOffice, da Oracle ta sayi Sun a 2010 sai akasarin masu aikin suka ware suka kafa The Document Foundation, gidauniya ce mai rijista a Jamus, da gudummawa take tafiya, akwai kuma kamfanonin da ke biyan ma'aikatansu su yi aiki a kai saboda suna sayar da tallafi ga manyan ofisoshi. Ya ce to madalla, dai kar a wayi gari a ce mu kawo dala.

Malamai kam kallon farko ba su so shi ba, sun ce ya yi kama da kwamfutar da. Na shiga View na zaɓi User Interface na mayar da shi Tabbed, ya ɗan yi kama da abin da ido ya saba, hankali ya kwanta kaɗan. Ban cire tsohon Office ba tukuna sai a kwamfuta ɗaya ta ofis, ita ce zakaran gwajin dafi.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Ƙorafin farko ya iso. Malamar aji huɗu ta buɗe tambayoyin gwajinta na bara a kwamfutar gwajin, shafi ɗaya ne a da, yanzu layi uku sun zubo shafi na biyu, ta ce Malam ka san fa kowane shafi kuɗin fotokofi ne sau yawan yaran aji. Gaskiyarta, kuma irin wannan ƙaramin abin ne ke kashe aiki irin namu, ba manyan maganganu ba.

Na zauna na duba, dalili biyu ne. Kan takardar da Algerian aka rubuta shi, sunan makaranta kuma da Monotype Corsiva, waɗannan salon haruffan tare da Office suke zuwa ba tare da Windows ba, da na cire shi suka bi shi, sai kwamfuta ta maye gurbinsu da wani mai faɗi. Na biyun ya fi yawa a takardunmu: an jera zaɓin A B C D da dukan sifes, tatata har sai ido ya ga sun daidaita, to irin wannan ko daga Word zuwa wani Word ɗin ka kai shi in firinta ko salon harafi ya bambanta sai ya watse. Fayil bai san kana nufin layi ya miƙe ba, sifes ashirin kawai ya sani.

Maganin da na fara shi ne tamfilet. Na yi na takardar jarrabawa da na wasiƙa da na sanarwar iyaye, kan makaranta a sama, zaɓuɓɓuka a cikin tebur marar layi, salon harafi ɗaya wanda yake kyauta kuma za mu iya sa wa kowace kwamfuta. Malamar ta gwada sabon, tambayoyinta suka koma shafi ɗaya har da ragowar wuri. Ta ce to wannan ta yarda, amma kar in taɓa mata na zangon baya sai ta gama amfani da su.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Wannan makon ne na ga ainihin abin da nake faɗa wa kwamiti da idona, kuma ba ma a kan Word ko LibreOffice ba, a kan haruffanmu ne masu lanƙwasa.

Akwai folda guda ta darussan Hausa da tarihin Annabawa da wani malaminmu ya rubuta tsakanin 2005 da 2010, Allah ya jiƙansa ya rasu, aiki ne mai yawa, shi ya zauna ya fassara ya sauƙaƙa wa yara. Na buɗe sai na ga }asa a wurin ƙasa, ]aya a wurin ɗaya, za~i a wurin zaɓi, {ur'ani da [an'uwa a wurin Ƙur'ani da Ɗan'uwa, shafi bayan shafi. Duk wanda ya taɓa kwafo labari daga tsofaffin jaridun Hausa na intanet ya san wannan. Abin da ya faru shi ne a wancan lokacin samun ƙ da ɗ da ɓ a kwamfuta wahala ne, sai masu ƙoƙari suka ƙera salon haruffa na musamman, irin su Rabiat, aka ɗauki maɓallan da ba a cika amfani da su ba aka zana haruffanmu a gurbinsu. Dabara ce mai kyau kuma ta yi wa Hausa hidima, littattafai da jaridu da yawa da ita aka buga su. Sai dai a cikin fayil ɗin ba ƙ aka ajiye ba, baka aka ajiye, salon ne kawai ke sa mata riga, ranar da ka kai fayil ɗin kwamfutar da ba ta da wannan salon sai rigar ta faɗi.

Unicode shi ne buɗaɗɗen tsarin da ya raba wannan gardamar, kowane harafi da lambarsa ta dindindin wadda duk duniya aka yarda da ita, ƙ tana 0199, ɗ tana 0257, ɓ tana 0253, ko a Writer, wato manhajar rubutu ta LibreOffice, ko a Word ka rubuta lambar ka danna Alt da X harafin zai fito. In an ajiye haka ko ka tura ta WhatsApp ko ka buɗe a waya ƙ tana nan ƙ.

Gyaran ba a yi shi da garaje ba. Find and Replace ne, amma akwai tarko biyu. Dole ka tabbata akwatin Regular expressions ba a kunne yake ba don waɗannan alamomin suna da wata ma'ana a can. Sannan a wasu takardun, musamman na lissafi da inda aka kawo lambar aya, bakar gaske ce ba harafi ba, in ka ce a canja duka sai ka lalata su, don haka ta Format na riƙa taƙaita binciken ga rubutun da ke ɗauke da tsohon salon kaɗai. Ɗan hidimar ƙasa na canjawa, ni ina bi ina karantawa, mun gama kusan rabi. Asalin fayilolin marigayin kuma ban taɓa su ba, suna nan a folda daban yadda ya bar su.

Na kunna kibod ɗin Hausa da ke cikin Windows a duk kwamfutocin da suka karɓa, na kuma sa salon haruffan Andika da Charis na ƙungiyar nazarin harsuna ta SIL, dukkansu kyauta ne kuma haruffanmu sun fito da kyau a cikinsu, Andika ma don masu koyon karatu aka yi shi, 'yan aji ɗaya za su amfana. Haka alamar naira, da N ake bugawa a ja mata layi biyu, yanzu ₦ ta gaske muke sawa.

Talata, 14 ga Oktoba

Yau ce ranar. Ba abin da ya mutu, kwamfutoci sun tashi lafiya, da ma na gaya wa ma'aji haka don ya ɗauka za su kulle ne. Afdet ne dai ya tsaya. Na duba kuma babu ko ɗaya cikin namu da ta cika sharuɗɗan Windows 11, wannan wata maganar ce ta gaba.

Asabar, 25 ga Oktoba

An yi zama mai zafi yau, kuma na ji daɗin da aka yi shi. Hedimasta ne ya buɗe, ya ce Malam ni ban ƙi taka ba, amma duk takardar da ke shigo mana daga waje .docx ce ko .xlsx, fom ɗin hukuma haka, na masu shirya jarrabawa haka, ƙungiyar masu makarantu haka, shekaranjiya ya tura wa shugaban iyayen yara jadawalin taro a .odt mutumin ya kira shi ya ce abin ya ƙi buɗuwa a wayarsa. Ya ce mu kaɗai za mu zauna a tsibiri? Sai wani matashin malami da ya yi kwamfuta a Poli ya ƙara da cewa ai .docx ɗin ma buɗaɗɗe ne, ISO ta amince da shi, to wahalar me muke sha.

Maganarsa akwai gaskiya a ciki kuma na faɗa a wurin. Ƙungiyar tsara ma'auni ta Ecma ta karɓi tsarin a 2006, ISO ta amince da shi a 2008 da lamba 29500 bayan doguwar taƙaddama tsakanin ƙasashe, bayanin nasa ya haura shafi 6,000. Amma kashi biyu ne, akwai Strict akwai Transitional, shi na biyun yana jan kayan tsofaffin Word a jikinsa don tsofaffin takardu su ci gaba da fitowa daidai, kuma shi ne wanda Word ke ajiyewa in ba kai ka je ka zaɓi ɗayan ba. Saboda haka a aikace abin da ake kira .docx daidai shi ne yadda Word ya nuna shi, sauran manhajoji bin sawu suke yi, wani lokaci su dace wani lokaci tebur ya goce. Ya fi .doc nesa ba kusa ba, wannan ba musu. Ni dai abin da na ce, asalin takardarmu gara ta zauna a tsarin da ba kamfani ɗaya ke jan ragamarsa ba. Kuma Word kansa yana buɗe .odt yana ajiyewa tun 2009, Google Docs ma haka, to ko gobe aka samu mai hali ya saya mana lasisi ba abin da muka rasa.

Na kawo musu misalin waje, da mai daɗi da marar daɗi. Gwamnatin Birtaniya tun 2014 ta zaɓi ODF a matsayin tsarin takardun da ake musaya ana gyarawa. Jihar Schleswig-Holstein a Jamus ta sanar a 2024 cewa za ta mayar da kwamfutoci kusan 30,000 kan LibreOffice. Amma birnin Munich da ya yi shekaru yana ƙaura daga Windows zuwa Linux, kishiyarsa ta kyauta, har ya kammala wajen 2013, a 2017 majalisarsa ta kaɗa ƙuri'ar komawa Windows, kuma cikin abubuwan da aka yi ta kuka da su akwai wahalar musayar takardu da sauran ofisoshi, wato dai maganar hedimasta ce. In birni guda mai kuɗi ya ji jiki a nan, mu ba za mu yi kamar matsalar ba ta nan ba.

Baba shugaban kwamiti ne ya yanke, ya ce ku yara kuna ta jan magana, a ajiye na gida yadda Malam ya ce, a ba na waje abin da zai iya buɗewa. Na ce ranka ya daɗe ai shi kenan ka gama. Abin da aka tsayar: duk takardar da mu muka ƙirƙira asalinta .odt ko .ods ne. Duk abin da zai fita don a karanta kawai, sanarwa ko sakamako ko wasiƙa, PDF za a tura, kowace waya na buɗe shi kuma ba ya gocewa. In wani a waje zai yi gyara a ciki sai a fitar masa da kwafin .docx, amma ba shi ne asali ba. Fom ɗin da aka aiko mana kuma a cike shi a mayar a tsarin da ya zo, kar a juya shi. Na buga wannan da manyan haruffa na manna a bangon ofis saitin firinta.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Larabci ya ba ni tsoro a banza, ashe saiti ne. Sai ka shiga Tools, Options, wajen harsuna ka kunna Complex text layout, maɓallan rubutu daga dama zuwa hagu su bayyana. Mun sa salon harafin Amiri don ayoyi da hadisai, wasulla sun zauna daram. Malamin allo da ya ga Alkalami, wanda aka zana shi a kan irin rubutun ajamin Kano, sai da ya sa aka buga masa shafi ya tafi da shi gida. Inda ake ɗan fama shi ne layin da ya haɗa Larabci da boko da lamba, baka da aya sukan yi tsalle zuwa ɗaya gefen, na ce a riƙa raba su layi daban in zai yiwu.

Takardar sakamako ita ce babbar jarrabawar Calc, wato takwaran Excel a LibreOffice. Jimla da matsakaici da na-nawa-ya-zo duk sun fito daidai da na da, na gwada da sakamakon zango na uku na bara aji biyu, ɗalibi bayan ɗalibi, ba bambanci. Abin da ya tsaya shi ne wani maɓalli da aka yi mana da makro, wato ɗan umarnin da ke aiki da kansa, shekarun baya, ka danna ya fitar da katin kowane yaro, an rubuta shi da VBA ne wanda yaren Excel ne, Calc na fahimtar wani sashe nasa ba duka ba. Na bar shi, na sake gina katin da Mail Merge a Writer, wato kati ɗaya da ke jan bayanan kowane yaro daga .ods ɗin, ya ɗau lokaci amma yanzu kowa a ofis zai iya ganin yadda aka haɗa shi ya gyara, da kuwa mutum ɗaya ne ya san cikinsa kuma ya bar Kaduna.

Ma'aji har yanzu yana kan .xls ɗinsa. Ya ce sai an rufe lissafin shekara. Ban matsa ba, kuɗin mutane ne a hannunsa.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Tsofaffin .doc an juya su gaba ɗaya, akwai Document Converter a ƙarƙashin Wizards da ke bin folda ya yi su a tare, na kunna lokacin da sola ta cika don kar wuta ta yanke a tsakiya. Ba na goge asali, kowace folda akwai tsohon akwai sabon. Na .wps ɗin ma Writer ya buɗe su.

Su .pub ne ciwon kai, kuma Microsoft sun riga sun sanar cewa Publisher zai kai ƙarshensa a Oktoban 2026, don haka duk mai satifiket ko katin biki a wannan tsarin ya fara shiri tun yanzu, ina nufin har bizines santocin garin nan da suke da dubbansu. Draw, manhajar zane ta LibreOffice, yana buɗe su amma sai an bi an gyara wurin rubutu da hoto. Tunda akwai sauran kwamfuta mai Publisher a ofis, na buɗe kowanne na fitar da PDF don a san yadda kamanninsa yake, satifiket ɗin sauka da na kammala firamare kuma na sake zana su daga farko a Draw. Na .cdr na kai wa wanda ya yi mana su, na roƙe shi PDF da SVG, buɗaɗɗen tsarin zane, na bajon makaranta, ya ba ni ba musu, ya ce ba wanda ya taɓa tambayarsa.

Ranar Laraba na raka 'yan aji shida Arewa House, gidan Sardauna da aka mayar cibiyar adana tarihi tun 1970, kuma a garin nan muke da reshen ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa inda masu bincike ke zuwa daga nesa su karanta fayilolin zamanin Turawa da rubuce-rubucen Larabci da ajami. Takardar da aka rubuta kafin a haifi kakanninmu in ka iya karatun za ka zauna ka karanta ta yau, mu kuwa rubutun malaminmu na 2007 sai da aka yi masa aiki kafin ya karantu. Da na dawo na ƙara abu ɗaya a tsarin: duk takardar da aka gama da ita kuma mai muhimmanci ce, sakamakon ƙarshen shekara, rijistar shiga, bayanan zaman kwamiti, takardun fili, za a fitar da ita a PDF/A, nau'in PDF ne da aka tsara don dogon ajiya, yana haɗiye salon haruffan a cikinsa, akwatin zaɓinsa na nan a wajen Export as PDF. Sannan a buga kwafi a takarda a sa a kabad, wannan ba za mu daina ba.

Alhamis, 4 ga Disamba

Jarrabawar zangon farko an buga ta gaba ɗaya daga sabon tamfilet, malamai uku ne suka kawo nasu a .docx daga waya, mun buɗe mun zuba a tamfilet ɗin ba matsala. An cire tsohon Office daga kwamfuta ta biyu ta ofis da laftof ɗin hedimasta, shi da kansa ya ce a cire. Malamin fiƙihu ya tambaya saura nawa, na ce saura ta ma'aji, ya ce Allah ya sa a gama lafiya, ya kuma tuna mana cewa shi kansa Windows ɗin sai an duba lasisinsa.

Abin da ya rage: rabin foldar marigayi ba a gyara haruffanta ba, ɗan hidimar ƙasa kuma ya kusa tafiya, ina neman wanda zai karɓa cikin malaman Hausa. Katin sakamako na Mail Merge za a gwada shi da gaske mako mai zuwa in an gama makin, nan ne zan san ko ya tsaya da ƙafarsa. Ajiyar kwafi har yanzu hadis ɗaya ne a durowar ofis, ina so a sayi na biyu ya riƙa kwana a gidan shugaban kwamiti, na sa a ajandar zaman ƙarshen zango tare da maganar ko za a gwada Linux Mint a kwamfuta ɗaya lokacin hutu. Ma'aji ya ce ranar 20 ga wata zai rufe lissafi, in zo da fulashi.